Yadda Aka Riƙa Auna Mai Neman Shiga Jami'a a Zariya

Daga tashar jirgin ƙasa ta Sabon Garin Zariya zuwa babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tafiya ce ta 'yan mil kaɗan. Wanda ya shiga mota a Kwangila, ya bi hanyar Funtuwa, ya wuce Palladan, kafin ya gama gaisawa da na kusa da shi sai ya ga an iso. Amma ga yaron da ya gama makarantar sakandare, wannan 'yar tafiya takan yi tsawo ƙwarai. Wani ya yi ta cikin shekara guda, wani ya shekara uku yana kai gwauro yana kai mari, wani kuwa har ya yi furfura bai iso ba. Don haka ne kowace shekara, in lokacin jarrabawa ya ƙarato, iyaye sukan sami malaman 'ya'yansu da tambaya guda, su ce, "Malam, don Allah a duba mana, yaron nan zai samu kuwa?"

Wannan tambaya ba yau aka fara yin ta ba. Abin da ya riƙa sakewa shi ne mudun da ake awo da shi. Cikin shekara ɗari an yi awo da muduka har guda huɗu. Da fari shaidar Sarki da ta Baturen makaranta ita ke kai yaro gaba. Daga nan aka koma ga takardar jarrabawar Ingila. Sa'an nan jami'a ta buɗe tata makarantar ta share fage. Daga bisani aka shigo zamanin maki da rabon gurabe tsakanin jihohi. Wanda ya bi labarin nan tun daga tushe zai gane abin da ya sa amsar malam take da wuya, zai kuma ga abu guda wanda bai taɓa sakewa ba.

Asalin Wuraren Biyu

Asalin Sabon Gari jirgin ƙasa ne. Da aka shimfiɗa hanyar dogo daga Baro, wadda ta isa Kano cikin 1911, Zariya ta zama babbar tasha, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sana'a iri iri suka yi ta tahowa daga Kudu. Turawa suka yanka musu unguwa a bayan ganuwa, can gefen tasha, nesa da birni. Mutanen nan kuwa sun zo da majami'unsu da makarantunsu na mishan, domin a zamanin nan an taƙaita wa 'yan mishan aiki a cikin biranen sarakunan Musulmi. Saboda haka ɗan akawu a Sabon Gari yakan fara karatun boko tun yana ƙarami, da Turanci, a hannun malamin da shi ma haka aka koya masa.

Cikin birni kuwa ba rashin ilmi ake yi ba. Zazzau ta yi suna tun da daɗewa wajen nahawu da lugga, almajirai suna zuwa daga nesa su zauna a zaurukan malamai shekara da shekaru. Sai dai ƙofar da aka zo aka gina daga baya ba ta san da wannan ilmi ba, abin da take tambaya shi ne Turanci da lissafi da takardar shaida.

Samaru kuma ƙauye ne a arewa maso yamma da birni, inda Gwamnati ta kafa gonar gwaji cikin shekarun 1920, ana binciken auduga da gyaɗa da dawa. Ba wanda ya zaci wata rana dubban samari da 'yan mata za su riƙa kwana da tashi da tunanin wurin nan. Yau Samaru da Sabon Gari duk suna cikin ƙaramar hukuma guda.

Zamanin da Gurbi ke Neman Yaro

Makaranta ta farko da ta ɗauke yaran Arewa zuwa ilmi mai ɗan zurfi ita ce Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai cikin 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta cikin watan Maris na 1922. An kafa ta ne don ta fitar da malamai Musulmi waɗanda za su koyar a makarantun larduna. Kowane lardi yakan aiko da nasa yara, waɗanda Baturen makaranta ya zaɓa, Razdan da Sarki suka amince. Ana duba ƙoƙarin yaro a aji, ana kuma duba ladabinsa da lafiyarsa da gidan da ya fito. A wancan zamani iyaye da yawa gudun makarantar boko suke yi, har akwai masu ɓoye 'ya'yansu in an zo ɗiban yara. Watau gurbi ne ke yawon neman yaro.

A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. An ta da kwalejin zuwa Kaduna cikin 1938, aka sake ta da ita zuwa Zariya cikin 1949, daga baya cikin 1971 aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa. Amma duk da hazaƙar waɗanda suka fito daga cikinta a shekarun farko, ba a shirya ta don ta kai kowa jami'a ba. Yaro ya gama, sai a ba shi alli da aji, ko a kai shi ofishin En'e. Ko da aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu malamai kaɗan zuwa Landan cikin 1945, takardar malanta suka je nema, suka dawo bayan shekara guda.

Wanda ya fara keta wannan shinge daga ƙasar Zazzau ya fito. Shi ne Dakta R. A. B. Dikko, wanda ya tashi a hannun 'yan mishan na Likita Mila, mutanen da suka kafa Wusasa. Daga nan ya tafi Kwalejin Sarki ta Ikko, ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo ya zama likita na farko daga Jihar Arewa. Abin lura a cikin labarinsa shi ne, kafin ya kai ƙofar jami'a sai da ya bar Arewa ya nemi sakandare a bakin teku. Ashe ba hankali ne ya yi ƙaranci a Arewa ba, matakalar hawa ce babu.

Ƙidayar makarantu ta nuna girman wannan rashi. Cikin 1957, shekara uku kafin mulkin kai, makarantun sakandare 18 ne a duk faɗin Jihar Arewa, da ɗalibai 3,643, alhali kuwa Kudu tana da makarantu 176 da ɗalibai 28,208. Na 'yan mata kuwa ba a ma magana, domin sai cikin 1956 aka buɗe makarantar Sarauniya Alsabatu a Ilori. Masu iya magana sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Mudun Ingila

Cikin 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun. Digirin da take bayarwa na Jami'ar Landan ne, saboda haka sharuɗɗan shigarta ma daga can aka auno su. Daga nan shaidar Sarki ta daina isa. Tilas yaro ya ci jarrabawar gama sakandare, wadda Jami'ar Kambirij ke shiryawa kafin a miƙa aikin ga hukumar WAEC da aka kafa cikin 1952. Tilas ya ci ta da kyau, musamman Turanci. Sa'an nan ko dai ya zauna jarrabawar shiga ta Badun, ko kuwa ya ƙara shekara biyu a aji shida ya sami babbar takarda, ya shiga kai tsaye. Makarantun da ke da aji shida a Arewa kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Saboda haka malamin da aka tambaya a wancan zamani, abin da zai fara cewa shi ne, "Wace makaranta yaron yake?" In aka ambaci kwalejin Gwamnati ta Zariya sai ya gyara zama, in aka ambaci wata midil ta can lungu sai ya ba da haƙuri.

Duk da haka akwai waɗanda suka haye. Ishaya Audu, ɗan Anchau wanda ya yi karatu a Wusasa, ya bi ta Yaba da Badun har ya gama likitanci a Landan. Iya Abubakar, wanda ya fito daga kwalejin Zariya, ya ci digiri mai daraja ta ɗaya a fannin lissafi a Badun, ya wuce Kambirij. Su biyun nan za su sake fitowa a cikin labarin nan.

Cikin 1952 aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, mai rassa uku, a Zariya da Badun da Inugu, babban reshen kuwa aka gina shi a Samaru. Ana koyar da injiniya da zanen gini da zane-zane, ana kuma shirya yara don babbar takardar shiga jami'a. A ƙasar Arewa take, amma yawancin ɗalibanta daga Kudu suke, domin su ne ke da takardun da ake nema. A Kongo kuma akwai makarantar horar da akawuna da aka buɗe cikin 1947, wadda ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki cikin 1954.

Shugabannin Jihar Arewa sun ga hatsarin da ke tafe. Mulkin kai ya ƙarato, Turawa za su tafi, kujerunsu kuwa sai mai takarda zai hau. Cikin 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby, cikinsa har da Shettima Kashim na Barno, don ya duba bukatun ƙasa na ilmi mai zurfi. Kwamitin ya miƙa rahotonsa cikin 1960, ya ba da shawara a kafa jami'a a Zariya, a yawaita aji shida, a kuma yi ƙoƙari ɗaliban jami'a a Nijeriya su kai 7,500 kafin 1970.

Ran 4 ga watan Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a gine-ginen tsohuwar kwalejin Samaru, aka haɗa mata makarantar Kongo da gonar gwaji da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Sardaunan Sakkwato ne Uban Jami'a, Dakta Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, shi ne Shugabanta na farko. Ta fara da ɗalibai 426, amma 147 kaɗai ne 'yan Arewa. Cikin malamanta 'yan Nijeriya biyu ne, Dakta Iya Abubakar da Malam Adamu Baikie. An haƙa rijiya a ƙofar gida, amma yawancin 'yan gida ba su da guga.

Makarantar Share Fage

Shekarar 1966 ta girgiza Samaru da Sabon Gari gaba ɗaya. An kashe Sardauna ran 15 ga Janairu. Tarzomar da ta biyo baya cikin watan Mayu, da wadda ta fi ta muni cikin Satumba da Oktoba, ta ci rayuka da yawa, ta sa mutanen Gabas suka kwashe suka bar gidajensu da shagunansu a Sabon Gari, ɗalibai da ma'aikata kuma suka bar Samaru. Cikin wannan shekara ce aka naɗa Dakta Ishaya Audu Shugaban Jami'a, ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe wannan muƙami a can. Cikin 1967 aka raba ƙasa jihohi goma sha biyu, shida a Arewa, kowace tana neman likitoci da alƙalai da injiniyoyi nata, ga kuma yaƙin basasa ya ɓarke.

Jami'a ta duba ta ga in ta tsaya jiran aji shida ya wadata, to, za ta daɗe tana jira. Saboda haka wajen ƙarshen shekarun 1960 ta buɗe Makarantar Share Fage, wadda aka fi sani da SBS, a cikin harabarta. Dabarar mai sauƙi ce. A ɗauki yaron da ya gama aji biyar da sakamako mai kyau, ko da makarantarsa ba ta da aji shida, a zaunar da shi a Samaru, malaman jami'a su cike masa giɓin da ya taho da shi, a jarraba shi, in ya ci ya wuce zuwa karatun digiri. Ta wannan ƙofa dubban 'yan Arewa suka shiga jami'a, waɗanda da an auna su da mudun Ingila kaɗai da ba su shiga ba. Jihohi suka yi koyi, suka buɗe nasu makarantun share fage, ciki har da kwalejin da aka kafa a Zariya, inda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya koyar daga 1976 zuwa 1979. Don a daidaita jarrabawar waɗannan makarantu ne aka kafa tsarin IJMB cikin 1976, a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello.

Wannan ne mudu na uku, ya kuwa bambanta da sauran. Maimakon a tambayi abin da yaro ya riga ya sani kawai, sai aka tambayi abin da zai iya sani in an koya masa. Masu suka sun ce an sassauta ma'auni. Masu goyon baya suka amsa da cewa jarrabawar ƙarshe ta digiri guda ce ga kowa, masu duba ta kuwa har da manyan malamai daga waɗansu jami'o'i. A wancan zamani yaron da ya ci jarrabawarsa da kyau a Arewa ba ya fargabar rasa gurbi, jiharsa ma takan biya masa kuɗin karatu.

Zamanin Maki da Rabon Gurabe

Cikin 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'o'in jihohi, har da ta Samaru, ta kuma kafa sababbi guda bakwai, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba da Fatakwal, jimla ta zama goma sha uku. Kowace tana ɗaukar ɗalibanta da kanta. Sai ya zama yaro mai ƙoƙari yakan sami gurbi a jami'a uku ko huɗu, ya zaɓi guda, sauran guraben su tashi a banza, ga kuma waɗansu suna zaune a gida ba su sami ko ɗaya ba. Don maganin wannan ɓarna Gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin M. S. Angulu cikin 1976, aka kafa hukumar JAMB da dokar soja mai lamba 2 ta 1978, shi Angulu ya zama magatakardanta na farko. Daga nan jarrabawa ta zama guda ga dukan ƙasa, daga Badagiri har Geidam.

A Arewa an yi ƙorafi mai yawa. Aka ce jarrabawa guda tsakanin mai makarantu 176 da mai makarantu 18 kamar tseren doki da jaki ne, ko da an tashe su daga layi ɗaya. Mutanen Kudu kuma suka ce ba daidai ba ne a hana yaro abin da ya ci da guminsa don kawai garin da ubansa ya fito. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Tsarin mulkin 1979 ya zo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, sai a farkon shekarun 1980 aka tsara rabon guraben jami'o'in Tarayya kamar haka: kashi 40 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, kashi 30 ga jihohin da aka ware wa jami'a a matsayin yankinta, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, kashi 10 kuma yadda jami'a ta ga dama. Daga baya aka soke kashi goman nan, rabon ya koma 45 da 35 da 20. Jihohin da aka bari a baya yawancinsu na Arewa ne, amma har da waɗansu na Kudu kamar Ebonyi da Bayelsa.

Ana cikin haka sai ambaliya ta iso. Cikin 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi tsammani, ba a kuwa tanadi isassun malamai ba. Cikin shekarun 1980 aka sake tsarin sakandare ya koma shekara uku da uku, aka yi sabuwar jarrabawar gama sakandare karo na farko cikin 1988, aji shida irin na dā ya kau. Iyayen da kakanninsu suka ɓoye 'ya'ya a rumbu, su ne yanzu ke sayar da hatsi su biya kuɗin fom. Al'amari ya juye, ɗalibi ne ke yawon neman gurbi.

Da maguɗin jarrabawa ya yawaita, jami'o'i suka ce ba su amince da makin JAMB kaɗai ba, sai cikin 2005 aka ba su izinin yin tasu jarrabawar tantancewa. An soke ta cikin 2016, aka maido da ita cikin 2017. Daga 2015 kuma aka daina rubuta jarrabawar JAMB da fensir, aka koma kan kwamfuta. Cikin 2024 waɗanda suka yi rajista sun kusa miliyan biyu, fiye da kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka zauna kuwa ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Yadda Malam ke Awo

To, in uba ya kawo wa malam tambayar nan a wannan zamani, malami mai gaskiya ba ya amsawa sai ya bi abubuwa daki daki. Zai fara da takardar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO wadda aka fara cikin 2000. Ana bukatar kiredit biyar, har da Turanci, a darussan da suka dace da fannin da yaro ke nema. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu, ko ya ci maki nawa a JAMB, aikin banza ne.

Sa'an nan zai duba darussa huɗu da yaro ya zaɓa. Mai son likitanci tilas ya haɗa Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniya kuma Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Yara da yawa sun yi asarar shekara guda saboda kuskuren da aka yi musu a shagon cike fom, tun ba su shiga ɗakin jarrabawa ba.

Bayan wannan sai maki. A nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Cikin 2024 an yanke 140 ya zama mafi ƙarancin makin shiga jami'a a ƙasa, sai uba ya ji ɗansa ya ci 200 ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali wannan adadi izinin tsayawa a layi ne kurum. Kowane sashe yana da iyakar ɗaliban da aka yarda ya ɗauka, gwargwadon malamansa da kayan aikinsa. Na likitanci ma, wanda aka kafa a jami'ar cikin 1967, majalisar likitoci ta ƙasa ce ke yanka masa adadi. Saboda haka makin da zai shigar da yaro wani sashe cikin sauƙi ba zai kai shi ko bakin ƙofar likitanci ko lauya ba. Ga kuma ƙa'idar da ta fifita kimiyya da kashi 60 bisa sauran fannoni masu kashi 40. Wanda bai sa Samaru ta zama zaɓinsa na farko ba kuwa, kada ya sa rai.

Daga ƙarshe malam zai tambayi jihar yaro, a nan ne kuwa tsohon tarihin Sabon Gari ke dawowa. A ɗauka ga yara biyu a benci ɗaya a wata makaranta ta Sabon Gari, an haife su a unguwa guda, suna Hausa iri ɗaya, suka kuma ci maki ɗaya. Kakan ɗaya ya zo daga Kudu da aikin reluwe, ɗayan kuwa Bazazzagi ne. A takarda na farko ɗan wata jiha ce da wataƙila sau biyu ya taɓa taka ta, in ba ta cikin yankin jami'a ko cikin jihohin da aka bari a baya, to, ƙofa ɗaya ce tasa, watau ta masu fifikon maki. Na biyu kuwa ƙofa uku ne a gabansa. Amma shi ma Bazazzagin kada ya saki jiki, domin a cikin rabon jiharsa zai kara ne da 'ya'yan malaman jami'a da 'ya'yan masu hali waɗanda suka yi makarantun kuɗi. Yaron da ya taso a Bomo ko Basawa, yana hango hasumiyar jami'a daga gonar ubansa, in makarantarsa ba ta da malamin Fiziks, bai kuma taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabon da aka yi dominsa yakan wuce ta bisa kansa ya faɗa hannun wani.

Wanda bai samu ba, malam yakan nuna masa sauran hanyoyi. Akwai IJMB, akwai makarantar share fage ta jami'a da ke Funtuwa, akwai difloma, akwai takardar malanta ta kwalejin ilmi, duk suna iya kai ɗalibi aji na biyu kai tsaye in ya ci da kyau. Hanyoyin nan jikokin dabarar zamanin Ishaya Audu ne.

Abin da Bai Sake Ba

In aka jera muduka huɗun nan aka duba, za a ga kowannensu an ƙera shi ne don maganin wata cuta ta zamaninsa, kowanne kuma ya bar waɗansu a waje. Shaidar Sarki ta bar talakan da ba a san gidansu ba. Takardar Ingila ta bar wanda lardinsa ba shi da aji shida. Maki da rabo sun bar ɗan ƙauye da ɗan baƙo. Makarantar Share Fage ce kaɗai ta yi ƙoƙarin ƙara wa hatsi auki maimakon ta sake girman mudu, ita ma ba ta iya ɗaukar kowa ba.

Abin da bai sake ba tun daga kan Dakta Dikko shi ne, ana yanke rabon yaro ne shekaru kafin ya isa ƙofa, a ajin da ya fara haɗa baƙi, a hannun malamin da ya koya masa lissafi ko ya kasa. Jumma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sardauna da mutanen zamaninsa sun gina jami'a kafin su sami isassun masu shigarta, suka bar wa na baya aikin cike makarantun da ke ƙasa da ita. Uban da ke son amsa mai daɗi daga bakin malam, ya kamata ya kai tambayarsa tun yaro yana aji ɗaya na sakandare, ya kuma leƙa ya ga ko akwai mai koyarwa a ajin, gama ba a fafe gora ranar tafiya.